Tambayar da Kande Ta Yi wa Dodo

Kakata ta wajen uba, Iya Laraba, ba ta yin tatsuniyar dariya. Yaran maƙwabta sukan taso daga wurin nasu kakannin suna ƙyaƙyatawa, mu kuwa in muka tashi daga gabanta ko fitsari ba mai yarda ya fita shi kaɗai. Amma duk da haka ba mu taɓa fashi ba.

A wani ƙauye na taso a ƙasar Malumfashi, a gidan gandu, mahaifina da ƙanensa da iyalansu duk a ciki. In an kwaso masara daga gona, a ƙofar ɗakin Iya ake jibge ta. Ana idar da sallar isha'i sai mu yara mu kewaye tarin, kowa da ƙwaryarsa, muna murje ƙwayar da hannu har tafin hannunmu ya yi ja. Totuwar da muka murje ita muke turawa cikin wuta, ita kuma Iya ta binne mana dankali a cikin toka. Tana zama a kan wani guntun turmi da ya fashe, ta miƙe ƙafafu wajen wutar saboda ciwon gwiwa. Fuskarta cike take da tsaga, tun daga gefen ido har haɓa, irin wadda ban ga kowa da ita a gidanmu ba. In harshen wuta ya tashi sai tsagar ta fito baƙi ƙirin, in ya kwanta sai ka ga idanunta kawai.

Ni take kira Maigida, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu maza. Shekarata goma a lokacin, kuma ni ne matsoracin gidan. A wannan shekarar malaminmu na Islamiyya ya kai mu darasin kabari. Ya yi mana bayanin duhunsa da ƙuncinsa, da mala'iku biyu masu tambaya, da gudumar da ake dukan wanda ya kasa amsawa. Sauran yara suka ji, suka tashi suka tafi ƙwallo. Ni kuwa abin ya zauna mini a ciki. Nakan yi alwala sau huɗu kafin sallah ɗaya, ina ganin kamar na bar wani wuri a diddige bai jiƙe ba. In na tayar da sallah sai in rikice a lissafin raka'a, in sake daga farko, ina kuka ba mai sani. A raina Allah wani ne da ke tsaye a bayana yana jira in yi kuskure.

A irin wannan hali nake ranar da Iya ta yi mana tatsuniyar Kande. Ta gyara wuta da kara, ta ce, “Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna.”

Muka ce, “Ta shigo, mun ba ta wuri.”

Ta ce an yi wani gari a gindin dutse, kuma a cikin dutsen akwai kogo, a cikin kogon akwai Dodo. Mutanen garin ba su taɓa ganinsa ba, gurnaninsa kawai suke ji. Duk shekara ba mai ɗanɗana sabon hatsi sai an kai masa damin farko da baƙin bunsuru. In yaro ya mutu, a ce Dodo ne. In ruwa ya ɗauke, a ce Dodo ne. Ko sunansa ba a faɗa da ƙarfi.

Akwai wata yarinya a garin, Kande, ita kaɗai ce wurin uwarta. Wata shekara yunwa ta matsa musu, uwar ta karyo zangarniyar dawa ɗaya a ɓoye ta gasa musu suka ci, tun ba a kai wa Dodo nasa ba. Ba a yi kwana uku ba ta kwanta ciwo. Dattawan gari suka zo suka leƙa ta, suka ce ai ta ci hakkin mai kogo, ba abin da za a yi, suka hana kowa shiga ɗakin. Kande ta ce to ita za ta je ta ji daga bakinsa.

Iya ta rage murya. Ta ce hanyar kogon ba a bin ta, ƙaya ta rufe ta, ga ƙasusuwan awakin shekaru a zube hagu da dama. Kande tana tafe tana taka su suna karyewa. Da ta isa bakin kogon sai wani wari ya buge ta, ta durƙusa ta yi waƙa. Iya ta rera mana da wata siririyar murya da har yau in na tuna tsigar jikina take tashi:

“Mai kogo, mai kogo,
uwata na kwance.
Zangarniya ɗaya ta ci,
ni ma na ci rabi.”

Shiru. Ta sake rerawa. A na uku sai ƙasa ta motsa, Dodo ya turo kansa waje. Iya ta ce gashinsa ya kai ƙasa yana jan ƙasusuwa, idonsa ɗaya kamar faifai, haƙoransa kamar taɓarya, in ya ja numfashi ciyawar bakin kogon sai ta kwanta ta nufi bakinsa. A daidai nan totuwa ta fashe a cikin wuta, ƙanwata ta ƙwalla ƙara ta faɗa cikin masara. Ni kuwa na ƙanƙame ƙwaryata.

Dodo ya ce, “Wa ya aiko ki?”

Kande ta ce, “Ba kowa. Na zo ka sakar mini uwata.”

Ya ce, “Wace ce uwarki?”

Ta ce, “Wadda ka kama saboda dawa.”

Ya ce, “Ban san ta ba. Ban san an ci dawa ba. Ana kawo mini nama ina ci, iyakar abin da na sani ke nan.”

Ta ce, “To wa ke riƙe da ranta?”

 Sai ga hadari ya taso, aka yi tsawa. Kande ta ɗaga kai ta ga wannan ƙaton abu ya ja da baya ya maƙale a bangon kogo, gashinsa yana karkarwa. Ta ce masa, “Kai ma tsoro kake ji?”

Ya ce, “Yarinya, kin san abin da ya sa ba na fita daga kogon nan? Kullum in na kwanta ina jin abin nan yana bugawa a ƙirjina. Ba ni na sa shi ba, ban kuma san ranar da za a tsayar da shi ba. Akwai mai shi. Ban taɓa ganinsa ba.”

Kande ta fito ta tsaya a fili, ruwa yana dukanta. Ba ta san inda za ta fuskanta ba, ba ta san sunan da za ta kira ba. Sai ta ce, “Kai da Dodo ke tsoro, ban san sunanka ba. Ni ce Kande. Uwata na kwance.” Ta juya ta koma gida.

Iya ta shiga tono dankali. Muka ce, “Sai uwar ta warke?”

Ta ce, “Ta tarar ta cika.”

Muka yi ca a kanta. Bala, ɗan ƙanen babana, wanda ya girme ni da shekara uku, ya ce, “Haba Iya, wannan ai ba tatsuniya ba ce! To me roƙon ya yi mata?”

Ta ce, “Ni na ce muku ciniki ta je yi?” Ta ci gaba, ta ce Kande ta shiga ɗakin da aka hana shiga, ta wanke uwarta da hannunta. Da shekara ta zagayo aka zo karɓar dami, ta ce ba za ta bayar ba. Suka ce za ta jawo musu bala'i, suka kore ta. Ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta kama hanya, duk garin da ta shiga sai ta tambaya ko akwai wanda ya san sunan mai shi. “Nan ta tsaya,” in ji Iya. “Wanda bai ƙoshi ba, ga kan ɓera a toka, ya ƙara da shi.”

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai tatsuniyar ba ta rage mini komai ba, ƙari ma ta yi mini. Da Dodo ɗaya ne, yanzu ga wanda Dodon ma yake karkarwa saboda shi, kuma an roƙe shi bai bayar ba. Na yi kwanaki ina mafarkin kogon, in farka na jiƙa tabarma.

Bayan kamar mako guda muna kiwon awaki da Bala a bayan gari, sai ya ce mini, “Ka san me ya sa Iya take da wannan tsagar? Bamagujiya ce. Sai da ta girma ta musulunta. Iyayenta ba su taɓa sallah ba, giya suke sha, suna yanka wa tsamiya kaza. Yanzu haka suna cikin wuta.”

Na ce ƙarya yake yi. Ya ce in je in tambaya.

Ranar ban ci tuwo ba. Da dare aka zauna murzar masara, na zauna nesa da wutar, don in na dube ta sai in ga mutane a ciki. Iya ta lura. Da sauran suka ɗauki ƙorensu suka kai rumbu, ta ce, “Maigida, yau fushi ake da ni? Ko cefanen ne ya gagara?”

Na matso, na ce, “Iya, da gaske ne babanki da innarki suna wuta?”

Na zaci za ta mare ni. Sai ta ce, “Wa ya gaya maka? Bari, na sani.” Ta jawo ni ta zaunar kusa da gwiwarta. Ta ce gaskiya ne a gidan Maguzawa aka haife ta, can cikin daji, kuma babanta shi ke yi wa gidansu yanka a gindin tsamiya. Ta ce ba mugu ba ne, bai taɓa cin abin wani ba, baƙo bai taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. “Amma tsoro, Maigida! Kada ka bi ta nan da rana tsaka, kada ka nuna can da yatsa, kada ka yi fito. Innata ta yi ciwon ciki wata biyu, aka yanka duk kajinta da akuyarta, ta mutu tana tambaya wa ta saɓa wa.”

Na ce, “Shi ne kika musulunta?”

Ta ce, “Ba nan take ba. Na yi shekaru ba na nan ba na can. Na daina zuwa gindin tsamiya, amma ban san inda zan je ba. In na je kasuwa sai in tsaya daga nesa ina kallon masu sallah. Wata mai sayar da daddawa ce, Allah ya jiƙanta, na tambaya me suke cewa in sun fara. Ta ce suna kiran sunansa ne, Mai rahama, Mai jinƙai. Na ce ta sake faɗa. Ban taɓa jin an kira abin bauta da irin wannan suna ba. Ba wanda ya tsorata ni na shigo. Tsoro ai na baro shi a gidanmu. Da shi kaɗai na tarar a nan, da na koma inda na saba.”

Na ce, “To iyayenki fa?”

Ta ce, “Ban sani ba. Ba ni aka ba wannan hukunci ba, ba kuma Bala aka ba ba. Wanda ya yi su ya fi ni saninsu. Ni da na sha nonon innata kawai ina tausayinta haka, ina ga wanda ya ƙaga ta?” Sai na ga hawaye yana bin tsagar fuskarta. Ta share da bakin zane, ta ce, “Kuma ka daina ƙarar mana da ruwan randa. Alwala ɗaya ta isa. Ina ganinka.”

Zan so in ce daga ranar na warke, amma ba haka aka yi ba. Na daina maimaita alwala, tsoron dai yana nan. Iya ta rasu ina sakandare. Na tafi karatun koyarwa a Zariya, na zauna gaban malamai iri-iri ina neman wanda zai kwantar mini da hankali. Wannan ya ce in ban riƙe wuridi ba na ɓata, wancan ya ce wuridin ne ɓata. Kowa da ayarsa, kowa yana nuna mini wuta a bayan ɗan'uwansa. Na gaji. Na kai matsayin da in ina cikin mutane zan bi sahu, in ni kaɗai ne sai lokaci ya wuce ina zaune. Ban ce babu Allah ba, kawai dai ba na son haɗuwa da shi. Haka na dawo gida, na kama koyarwa a firamaren ƙauyenmu, na yi aure, na haihu, ana ce mini Malam Sani, ba wanda ya san abin da ke cikina.

Sai ga zamanin ɓarayin daji ya zo mana. Wata ranar Asabar a ƙarshen damina na tafi gonar dawata da 'yata Hauwa, mai shekara shida, don ta kafe da kuka sai ta bi ni. Maƙwabcina a gona shi ne Malam Idi, ladanin masallacinmu, mutumin da ban taɓa jin asuba ta wuce shi ba. Mun gaisa ta kan iyaka, har ya ba Hauwa rake. Wajen la'asar sai na ji ƙarar babura da yawa daga yamma, inda ba hanya. Kafin in gane, sai harbi.

Na suri Hauwa na kutsa tsakiyar dawa, na kwanta a cikin kwarin kunya, na danne ta da ƙirjina, na toshe mata baki. Ina jin ihun mata daga gari. Ina jin zuciyarta tana bugawa a hannuna kamar ta ɗan tsako. Na nemi addu'a. Na haddace su da yawa, ta tsoro, ta neman tsari, ta shiga daji, har na koyar da wasu a aji. Wallahi ko ɗaya ban samu ba. Kaina ya zama fayau.

Sai na ji ana taka kara kusa da mu. Ta tsakanin ganye na hango shi, bai fi taku goma ba. Mutum ne kamar sa'ana, da rawani a fuska wanda ya zame, da bindiga, damtsensa duka biyu ɗaure da layu har gwiwar hannu. Ya tsaya yana haki. Wani tsuntsu ya tashi fir daga cikin dawa, sai na ga ya zabura ya juya bindiga, bakin bindigar yana rawa, yana waige-waige, leɓensa yana motsi. Shi ma wani abu yake karantawa.

A wannan lokacin ne bakina ya buɗe, ba da Larabci ba, ba kuma da wani abu da aka koya mini ba. A cikin gashin Hauwa na ce, “Ya Allah, ni ne Sani. Ka san yadda nake. Ga ni, ga yarinyar nan.” Ban yi alkawarin komai ba. Ban ce in ka fitar da ni zan gyara ba. Tsoron bai tafi ba, amma a karo na farko a rayuwata na ji ba ni kaɗai nake jin tsoron ba, akwai wanda nake gaya wa.

Wani ya kira mutumin daga nesa, ya juya da gudu. Muka zauna a kwarin nan har ƙarar babura ta ɓace. Da na fito na tarar da Malam Idi a bakin gonarsa, kwance, fartanyarsa a hannu. Ni ne na rufe shi da rigata, ina riƙe da kan Hauwa don kada ta gani.

Wannan shi ya hana ni cewa addu'ata ce ta cece ni. In da lissafi ake yi, Malam Idi ya fi ni cancanta sau dubu, kuma na tabbata shi ya samu addu'arsa a bakinsa. Na daɗe ina juya wannan a raina, har yanzu ban gama ba. Abin da na gane kawai shi ne abin da ya ba mu haushi muna yara, cewa uwar Kande ba ta warke ba, shi ne gaskiyar tatsuniyar. Iya ba ta so ta yi mana alkawarin da ba a yi mata ba. Ta ga an yanka kaji har sun ƙare, ta san inda ciniki yake kai mutum. Abin da ta samu bayan shekarun nemanta bai hana mutuwa shiga gida ba, amma ya ba ta wanda za ta gaya wa ba tare da ta ɓoye komai ba. Ni kuma da aka haife ni a cikin addinin, na haddace sunayen tun ina ƙarami, sai da na kwanta a kwarin kunyar gona da bakin 'yata a tafin hannuna kafin in yi masa magana da kaina.

Washegari aka yi jana'izar mutum biyar. Da muka dawo daga maƙabarta azahar ta yi, aka tsaya cirko-cirko a ƙofar masallaci, kowa yana jiran a kira sallah, sai a lokacin muka tuna mai kiran muka baro a can. Liman ya dubi jama'a. Ba wanda ya motsa, don kowa yana tsoron ɗaga murya a garin da aka shiga jiya.  Na cire takalmi, na hau dakalin masallacin, na sa yatsu a kunne. Muryata ta fita a shaƙe, ta karye a tsakiya, na tsaya na haɗiye kuka, na ɗora daga inda na tsaya. Ban sake daga farko ba.